Alhamis a Tsibirin

Kowace Alhamis nakan hau jirgin ruwan ƙarfe bakwai
daga Hammerfest zuwa tsibirin,
jaka a cinya, shayi a gora,
duhu a gaba, duhu a baya.
Tun ƙarshen Nuwamba rana ta yi ƙaura,
sai Janairu ya tsufa za ta leƙo.

Ɗakin da nake duba mutane na aro ne,
ungozoma ke da shi sauran kwanaki.
Ma'aunin jarirai na nan a kusurwa,
ni kuwa abin da nake aunawa ba ya hawa sikeli.
Ba wuƙar fiɗa, ba zaren ɗinki.
Kujera biyu, agogo ɗaya,
da tambayar da na shekara goma sha tara ina yi:
Yaya barci?

Torleif ya shigo da gishirin teku a rigarsa,
yatsunsa duk ƙulli kamar igiyar anga.
'Yarsa Ragnhild ta kawo shi,
tana mota tana jira, inji a kunne saboda sanyi.

Mako huɗu bai ce uffan ba.
An koya mana jira a makarantar likitanci,
ba a faɗa mana nauyin minti arba'in ba
in mutum na gabanka yana ƙirga allunan ƙasa.

A na biyar ya yi magana, da taga, ba da ni ba:
"Eivind na kira a rediyon jirgi.
Bayan biyun dare. Yana faɗa mini inda kifi yake."
Eivind ƙanensa ne.
Teku ta ɗauke shi bara waccan,
ta dawo da takalmi ɗaya.

Na san sunan ciwon, na rubuta shi a fayil.
Suna ba ya sa mutum barci.
Ya ƙara wa ɗamararsa huda biyu,
ya fara kwance jirgi shi kaɗai cikin dare
yana bin muryar har bayan fitilar gaɓa.

Na ɗora masa ƙwayar a tafin hannu,
fara, ba ta kai farcen jariri ba.
"In na sha, zai yi shiru?"
"Wataƙila."
"To kin ga, likita, jana'iza biyu ke nan,
ta farkon ma ba mu samu gawa ba."

Littafina bai tanadi amsar wannan ba.
Sai muka yi ciniki kamar a rumfar kifi:
rabin ƙwaya da dare,
makullin jirgi a aljihun Ragnhild har rana ta dawo,
sannan duk Alhamis ya biya ni
da labarin Eivind guda ɗaya,
na lokacin da yake da inuwa.

Haka na san mutumin da ban taɓa gani ba.
Ya saci keken limamin coci yana ɗan tara.
Bai iya iyo ba, kunya ta hana shi faɗa.
In yana waƙa, karnuka kan bar masa tashar.
Wata rana Torleif ya yi dariya,
dariyar ta karye a tsakiya,
abin da ke ƙarƙashinta ya fito.
Na miƙa masa hankici, na kama bakina.

Ran da rana ta leƙo kan dutse,
minti kaɗan, ja kamar ƙunar wuta,
aka sako yaran makaranta su gaishe ta.
Ya ce ya yi barcin awa shida.
Rediyo yanzu iska kawai yake faɗa, da tsayin igiyar ruwa.
Ban ce ya warke ba. Shi ma bai ce ya gode ba.
Ya ajiye busasshen kifi cikin jarida
a kan ma'aunin jarirai,
allurar ta nuna kilo ɗaya da 'yan kai.

A bakin ƙofa ya juyo, hula a hannu:
"Ke fa, likita, yaya barci?"

Jirgin ƙarfe huɗu ya makara.
Na tsaya a tasha, kifin a hammata,
ina ta neman amsa ta gaskiya.